Ganuwar Zazzau: Ƙawata Ƙofofi Ko Kare Filin Ganuwa?

Idan kuɗin raya birni bai isa a yi komai da komai ba, hanyoyi biyu ne ke gaban mutanen Zariya game da tsohuwar ganuwa.

Ta farko ita ce a ƙawata ƙofofi irin su Ƙofar Doka da Ƙofar Gayan da zanen bango na gargajiya. Aikin ba ya ɗaukar lokaci, kowa yana ganinsa, kuma gwanaye ba su yi ƙaranci ba a garin da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a a ƙarni na 19, ga kuma masu nazarin zane na Jami'ar Ahmadu Bello.

Ta biyu ta fi wuya, domin sai an auna abin da ya rage na ganuwar, an shata masa iyaka, an hana ɗibar ƙasa da yanka fuloti a kansa, sannan a dasa itatuwa a gefensa don rage zaizayar damina. Wannan yana bukatar haɗin kan masarauta da masu unguwanni da hukumar tsara birane, kuma dole a saurari iyalan da ƙuncin muhalli ya sa suka yi gini a wurin, a nema musu mafita ta adalci.

A ganina ta biyun ce ta fi gaggawa, saboda zane yana iya jiran baɗi, amma duk sashen ganuwar da aka haƙe aka yi tubali da shi ya tafi ke nan.