Yaya, ga bayanin zaren matashin nan da kika gani a hoto

Salamu alaikum Yaya, ya gida ya yara, ya ƙoƙari. Naga saƙonki tun shekaranjiya, wai in aiko miki da irin zaren da na saƙa matashin kujerar nan dashi, har kina cewa ai kayan Amurka daban ne. Na yi dariya wallahi, don zaren da ke hannuna yanzu haka da nake miki rubutun nan daga Turkiyya ya zo, na kusa dashi kuma in kin juya takardar jikinsa China zaki gani. Bari dai in miki bayani a tsanake kafin in cika akwati da abinda zaki zo kina tsaki a kansa.

Shi zaren sunansa shanil, kalmar Faransanci ce, gizaka take nufi, tsutsar nan mai gashi, kuma in kin kalle shi da kyau haka yake kama. Ni dai zaren karammiski nake ce masa. Ba kamar ulun da muka koyi saƙa dashi bane wanda aka murɗa sili-sili ya zama igiya guda. Wannan wasu siraran zare ne a tsakiya aka murɗe su suka riƙe gajerun gashi, to gashin nan shine laushin da kike ji, ƙarfin kuma gaba ɗaya yana wajen siraran nan na ciki. Duk wata rigimar zaren daga nan take tasowa. Kin yanka bakinsa gashi ya fara zuba, kin finciko da ƙarfi ya tsinke, kin warware sau biyu sau uku wurin ya koɗe ya zama kamar kan da ya yi sanƙo. Kusan duka foliyesta ne zalla, babu gashin tunkiya ko kaɗan a ciki duk da taushin nan.

Abinda ya fi burge ni a nan ba zaren bane ma, takardar da ake naɗe shi da ita ce. Komai na jiki. Akwai ɗan hoton dunƙulen zare da lamba a tsakiya, daga 0 zuwa 7, sifili shine siriri kamar na leshi, 4 shine matsakaici irin na hular jarirai da suwaita, 6 da 7 sune masu kauri. Sai nauyi, sai tsawo a yadi da mita, sai girman kwarashin da ya dace, sai yadda ake wanki, sai wata lamba ta rini wadda zan dawo kanta don ita ta koya min hankali. Misali Bernat Blanket, wanda shine kowa ya sani a nan, na wani kamfanin Kanada ne, lamba 6, babban dunƙulen giram 300, yadi 220 wato mita 201, kwarashi mai milimita 8. Na Turkiyya kuwa irin su Himalaya Dolphin Baby da YarnArt Dolce giram 100 ne, mita 120, kinga kenan sun fi siriri sosai, in kika lissafa giram 300 nasu mita 360 ne. Shi na farkon gashinsa gajere ne a cunkushe, baya sheƙi, kamar bargo, saƙa na tafiya da sauri kafin kice me kin gama gefe guda. Na Turkiyyan sun fi santsi da ƙyalli, sun fi kyau a hoto, masu saƙa 'yan tsana su suka fi so. In dai matashin da yara zasu hau su yi ta dambe a kai ne, mai kaurin nan mara sheƙi zan zaɓar miki. In na ɗakin baƙi ne da ba mai taɓawa, to mai ƙyallin.

Akwai ma wani, Alize Puffy, shima na Turkiyya, wanda ba a sa masa kwarashi sam, ya zo da madaukai a jere sai dai ki riƙa zura wannan cikin wannan da yatsa. Na gwada, ya yi laushi kam, amma ni ban ji kamar saƙa nake ba, kuma yana barin ramuka.

Maganar shaguna. Da na zo manyan guda uku ne ake zuwa, Joann da Michaels da Hobby Lobby. Joann tun 1943 suke, amma a 2025 suka rufe duka shagunansu kusan 800, kinga tsofaffin matan nan da suka saba zuwa can har yanzu basu daina maganar ba. Hobby Lobby kuma basa buɗewa ranar Lahadi, ranar da ni kuma nake samun sarari. Walmart ma akwai layin zare amma kala kaɗan ne. Shagon sai ki shiga kiga bango guda daga sama har ƙasa zare ne kala-kala har ido ya gaji, ba mai biyo ki ba mai matsa miki, ki taɓa ki ajiye. Sai dai fa ba lallai ki samu wanda ya san saƙa ba, wani ma'aikacin in kin tambaye shi wane kwarashi zai yi da wannan, shima takardar zai juya ya karanta miki. Masu sanin kan abin suna ƙananan shagunan zare, su kuma sun fi karkata ga ulun tumaki na gaske, wata har ɗan yatsina fuska ta yi da nace shanil nake nema. Inda na samu taimako na haƙiƙa laburare ne, akwai wasu mata da ke haɗuwa suna saƙa sau ɗaya a sati kyauta, wata dattijuwa a cikinsu ce ta kama hannuna tace in daina neman idon saƙar da idona, in laluba da yatsa. Ranar na fara gane kan zaren nan.

Don gaskiyar magana kyan ɗan maciji ne dashi. Gashin yana rufe idanun saƙar ruf, baki ganin inda zaki soka kwarashi, musamman baƙi da shuɗi mai duhu, waɗannan kam in dare ya yi sai dai ki haƙura. Matashina na farko da ido 30 na fara, ina ta tafiya ina jin daɗi, da na ɗaga sai naga abu ya tsuke ta sama kamar siket, na ƙirga 26. Idon farko da na ƙarshe nake ta tsallakewa ban sani ba. Yanzu kowane layi sai na maƙala fil a idon farko da na ƙarshe, kuma ina ƙirgawa da baki kamar 'yar firamare, mai gidan har tsokanata yake. Ki fara da kala mai haske, ruwan toka ko ruwan hoda, in hannu ya faɗa sai ki koma masu duhu.

Wani abin kuma, in saƙar ta yi sako-sako, bayan 'yan kwanaki sai kiga wasu madaukai sun zazzago suna lilo kamar tsutsa, zaren santsi gare shi baya kama ɗan uwansa yadda ulu ke yi. Maganinsa ki matse hannu kuma ki sauko da kwarashin, in takarda tace milimita 8 ki ɗau 7 ko 6.5, ai lissafinsu na bargo ne, matashi kuwa ana so ya yi ƙam kada abin ciki ya leƙo. Kuma ki tsaya kan gajeriyar saƙa, wato singil a kiran Amurkawa. Anan ma akwai tarko, abinda Amurkawa ke kira singil shi 'yan Ingila ke kira dabul, dabul ɗin Amurka kuma a Ingila tirebul ne. In kin ɗauko tsari a intanet ko kina bin bidiyo a YouTube ki fara gano na wace ƙasa ne, muddin kika ji ana cewa singil to na Amurka ne don su Ingila basu da wannan sunan. Kwarashin ma Amurkawa harafi suke sa masa, L shine milimita 8, K shine 6.5, ni dai milimitar nake dubawa shikenan. Nau'i biyu suka fi yawa a shago, Boye mai siririn wuya da zagayayyen kai, da Susan Bates mai kai daidai da jiki da maƙogwaro mai zurfi. Da wannan zaren na fi jin daɗin mai zagayayyen kan don baya tsaga gashin, amma wannan hannu-hannu ne, dattijuwar nan ɗayan take rantsuwa dashi.

To lambar rini. Na sayi dunƙule ɗaya ina ganin zai isa, na gama gaba, na kusa gama baya saura layi biyar zare ya ƙare. Na koma bayan sati biyu na ɗauko kala ɗaya suna ɗaya, a shago ƙarƙashin fitila baki ganin bambanci, da na fito dashi rana sai ga layi ɓaro-ɓaro, wannan ya ɗan fi wancan duhu. Laifina ne, ba tukunyar rini ɗaya suka fito ba kuma lambar na nan a rubuce ban duba ba. Abin haushin ma shine a nan in kin sayi uku kika yi amfani da biyu, sai ki mayar da ɗayan da rasit ɗinki a baki kuɗinki ba gardama ba ɓacin rai, muddin baki cire takardar ba. Wannan tsarin mayar da kaya shine hidimar da zan ce lallai sun iya ta. Ta intanet kuwa wani labarin ne, kala a waya daban a hannu daban, na taɓa yin odar wani zare mara sunan kamfani mai kalar ruwan zuma aka kawo min abu kamar ruwan ƙasa, ga zubar gashi, ina saƙa ina atishawa, baƙin siket ɗina ya koma fari. Mayarwa ma sai kin buga takarda kin kai wajen masu aike, na dai bar shi na yi wa kyanwar maƙwabciyata shimfiɗa.

Cikin matashin a shirye ake sayar dashi, ɗinkakke, inci 16 ko 18 ko 20, na shagon Ikea inci 20 ne wato santimita 50. Akwai mai audugar roba akwai mai gashin tsuntsu. Mai gashin tsuntsu ya fi kwanciya da kyau a kujera amma tsinken gashin na iya bullowa ta ramin saƙa ya soki mutum, don haka na roban nake saye. Wanda ake aikowa ta intanet a matse yake zuwa cikin leda kamar faranti, sai kin buɗe kin bubbuga kin bar shi kwana ɗaya kafin ya kumbura. Ana kuma sayar da audugar zalla a jaka, Poly-Fil, amma kada ki ɗura ta kai tsaye cikin saƙar, zata riƙa fitowa kuma ba damar zare rigar a wanke ta ita kaɗai, gara ki ɗinka mata riga da farin yadi tukuna. Sirrin da ba wanda ya gaya min sai da na yi na biyu shine rigar ta gaza cikin da inci ɗaya, in cikin 18 ne ki saƙa 17, saboda zaren na miƙewa, in kika yi daidai wa daida nan da wata guda zai yi yaushi kamar tsohuwar safa. A hannuna da mai kaurin nan ido 7 ke bani inci 4, shi yasa 30 ya kai ni 17, amma ki saƙa ɗan guntu ki auna naki, hannunki ya fi nawa tsauri tun muna yara.

Wajen haɗa gefe biyun kada ki zura shanil a allura ki yi ta ja, kafin ki kai kwana zai tsige ya bar miki siraran tsakiyar nan tsirara. Ki nemi ulu na yau da kullum mai kala iri ɗaya ki ɗinke dashi, gashin zai haɗiye ɗinkin ba mai gani. Ko ki haɗa da kwarashi gefe uku, ki sa cikin, ki rufe na huɗun. Ni matashina na ƙarshen nan dogon falle ɗaya na saƙa na ninko shi baki ya hau kan baki a baya, ba zif ba maɓalli, in ya yi datti in zare rigar in jefa inji. Ruwan sanyi, busarwa da zafi kaɗan ko a shanya a kwance, dutsen guga kuwa ko kusa, roba ce narkewa zata yi. Jelar zaren da ta rage ki bar ta da tsawo kamar tafin hannu, ki tsige gashin bakin ki ƙulle siraran biyu sannan ki cusa ciki, wasu na ɗan haska laita a bakin ya narke ya liƙe, na gwada sau ɗaya na ƙona yatsa na bari.

Abu ɗaya da nake tunani shine zafi. Nan da sanyin hunturu rungumar matashin nan daɗi ne, amma ko a nan ɗin da bazara ture shi nake gefe don yana riƙe gumi, foliyesta baya shan iska. In kin ga zai dame ku akwai zaren auduga mai kauri, bai kai shi laushi ba amma ya fi sanyi, kuma idon saƙar na fitowa tar.

Akwatin kilo 23 ne, zaren ba nauyi gare shi ba sai cin wuri, zan matse shi a ledar da ake zuƙe wa iska, in ya iso ki buɗe ki girgiza zai dawo daidai. Cikin matashin ba zan ɗauko ba, ki ɗinka abinki. Zan sa miki manyan dunƙule huɗu masu lambar rini ɗaya, matashi biyu kenan har da saura, da kwarashi 6.5 da 7 da 8, da fil ɗin roba na alama. Ki turo min hoton kujerun da rana ba da fitila ba in ga kalar da zata shiga, kuma kafin Juma'a don Allah, mai tafiyar ranar Asabar zata ɗaure kaya. A gaida yara.