Almakashin da ka aike ni saye

Yaya, bayan gaisuwa, almakashin askinka ya samu, amma sai da ya sa na koyi Jamusancin da ba a koya mana a aji ba.

Ranar Asabar na hau jirgin ƙasa daga Dusuldof zuwa Solingen, tafiyar ba ta kai minti 30 ba. Solingen garin maƙera ne tun zamanin takubba, kuma doka ta hana a buga sunansa a jikin wuƙa ko almakashi sai in a yankin aka ƙera shi.

Mai shagon ta miƙo mini guda, ta ce in duba ko Augen sun yi mini daidai. Ni dai na san Augen idanu ne, sai na kai hannu kan tabarau. Dariya ta yi har da riƙe ciki. Ashe ramukan nan biyu da ake zura yatsu su ne idanun. Sandar da ta taso daga idon kuwa Halm suke ce mata, wato karan ciyawa. Wadda ta fi ɗaure mini kai ita ce Gewerbe: a ƙamus sana'a ce, a jikin almakashi kuma mahaɗa ce, inda kusa ta riƙe ƙarafan biyu. Wate kuwa, gefen nan da aka wasa ya zama kaifi, ko Bajamushen da muke aiki tare bai taɓa jin ta ba.

Ta so in haɗa da masu haƙora na rage cikar gashi. Na ce a'a, na sulɓin gashin Turawa ne, mu da kilifa ke gama mana aiki. Na ɗauki ƙirar kamfanin Jaguar mai inci 6, ya haura Yuro 100. Kada ka juya shi zuwa Naira, hawan jini ne.

Kaya kam Jamusawa sun fi mu, ba musu. Aski ne ban yarda sun fi mu ba. Shekara 3 suke koyon sana'ar, amma shaguna da yawa sai ka kama lokaci tun kafin ranar, Lahadi a rufe, ga shi ba hira ba shayi, ba wanda zai ce ka kawo kuɗin gobe.

Don Allah kada ka ba mai wasa wuƙa na kasuwa, nan wurin maƙeran ake mayarwa. Ka riƙa ɗiga masa mai a mahaɗar, kuma ka ɓoye wa Anti, na san yadi za ta yanka da shi.