Ka ɗaga Hilux ka sa manyan tayoyi: wane haƙorin aksil za ka saya?

Duk wanda ya ɗaga motarsa ya cire taya mai inci 31 ya sa mai 33 ko 35 ya san abin da ke biyo baya. Mota ta yi kwarjini, amma ta mutu a ƙafa. Giya biyar ta zama ado, ɗan hawa kaɗan sai ka dawo huɗu, kuloci na wari idan akwai lodi, mai kuma na tafiya kamar tanki ya huje. In otomatik ce, ta dinga neman giya ke nan tana zafi. Injin lafiyarsa ƙalau. Babbar taya ce ta tsawaita giyar motar gaba ɗaya, kamar mai keke da ya maƙale a giyar gudu alhali tudu ne a gabansa.

Maganin yana cikin aksil, wato babban faifan nan mai haƙora da bakanikai ke kira kirawun wil, da ƙaramin da ke juya shi, finiyan. Lissafin ba wuya. Ka ɗauki rashiyon da motar ta zo da shi, wato lambar da ake samu in an raba haƙoran faifai da na finiyan, ka ninka shi da tsayin sabuwar taya, ka raba da tsayin tsohuwar. Mai 4.10 da ya tashi daga 31 zuwa 33 yana buƙatar 4.36 kafin ya koma yadda yake a da. In 35 ya sa, 4.63. To amma sabuwar taya ta fi nauyi, motar da aka ɗaga kuma ta fi kokawa da iska, shi ya sa ake zaɓar lambar da ke sama da abin da lissafi ya bayar.

A aksil ɗin Toyota mai inci 8, wanda ke bayan yawancin Hilux, zaɓin da ke gabanka 4.30 ne, da 4.56, da 4.88, da 5.29.

Ni dai a ba ni 4.56. Haƙori 41 ne a faifai, 9 a finiyan. A kan taya 33 motar tana dawowa hayyacinta har da ɗan ƙari: ta tashi da lodi ba tare da ka ƙona kuloci ba, ta riƙe giya biyar a kan kwalta daga Kano zuwa Maiduguri ba tare da injin yana ihu ba, in kuma ka sauka cikin yashi ko laka giya biyu ta ishe ka inda da sai ka koma ɗaya. Ko daga baya zuciya ta raya maka ka sa 35, bai bar ka a baya ba, tun da 4.56 da 4.63 kusan abu ɗaya ne. Ga shi finiyan ɗinsa na da kauri. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin duk sanda lambar ta hau, finiyan ƙanƙancewa yake yi, haƙoran da ke cizon faifai su ragu. Masu injin fetur 2.7, wanda ba shi da ƙarfin ja a ƙasa irin na dizal, su za su fi kowa jin bambancin.

Shi 4.88, mai 39 da 8, na mai taya 35 ne da ba ya rabuwa da kaya, irin motocin da ke bin hanyar Agadas zuwa Dirku. A kan 33 zai sa injin ya yi ta kuka a doguwar tafiya. 4.30 kuɗin aikinsa ya fi amfaninsa idan daga 4.10 ka taso. 5.29 kuwa, mai finiyan haƙori 7, ka bar wa masu wasan hawa duwatsu a Amurka da Ostareliya.

Sai maganar inda za a samo. Akwai sabo a kwali daga kamfanoni irin Yukon, Nitro da Motive Gear. Akwai kuma ɗan Kwatano, kan aksil sukutum da aka ciro daga tsohuwar Toyota, domin kamfanin da kansa ya fitar da Hilux masu 4.56 da 4.88. Ɗan Kwatanon da ba a taɓa kwancewa ba yana da fa'ida guda babba: saitinsa na kamfani ne, ɗaurawa kawai za a yi. Sabo kuwa sai an saita shi, kuma rabin ingancinsa yana hannun mai saitin. Wanda aka rubuta wa Toyota a kwali amma kuɗinsa bai kai rabin na sauran ba, kar ma ka ɗaga shi.

A nan ne ake cutar mutane, kuma cutar iri-iri ce. Mota mai jan ƙafa huɗu dole gaba da baya su zama rashiyo ɗaya. An taɓa sayar mini da guda biyu a kan duk 4.56 ne, har da rantsuwa, ashe na gaban 4.30 ne. Muguntar abin ita ce ba ka ganewa a gari, tun da baya kaɗai ke ja. Sai ranar da ka sa agzilari, wato giyar da ke sa ƙafa huɗun su ja tare: gaba na neman gudu, baya na riƙe ta, bambancin wajen kashi 6 cikin ɗari, motar ta dinga ƙullewa tana ƙara, wahalar duk ta sauka a kan taransifa, wato akwatin da ke raba ƙarfi gaba da baya, da farfela, sandar da ke kai ƙarfin ga aksil. Lokacin ka koma shago an ce maka kai ka canza kayan.

Saboda haka kar ka yarda da rubutun fenti a jikin ƙarfe, kar ka yarda da farantin da ke jikin mota, domin motar da ta yi hannu uku ba ka san me aka sauya mata ba. Ka sa alli ka ƙirga haƙora da kanka, ka raba na faifai da na finiyan. In aksil na jikin mota, ka ɗaga taya ɗaya da jak, giya a firi, ka yi wa farfela alama, ka juya tayar sau 20. Farfela ta zagaya 43, to 4.30 ne, ta kai 45 da rabi, 4.56 ne. Wannan gwajin na aksil ne wanda ba mai kulle kansa ba.

Cuta ta biyu ita ce haɗa aure na dole. Faifai da finiyan tare ake goge su a masana'anta, ba sa zama da wani. Wasu sai su ɗauko faifan wannan mota da finiyan waccan, su wanke da fetur, su shafa giris mai kauri don ya ɓoye gurzawar. Ƙirgar haƙori za ta fito daidai, amma kukan da zai yi maka a gudun kilomita 80 ba ya magani. Ka goge giris ɗin, ka bi kowane haƙori da farce. In ka ji kaifi, ko ɓantarewa, ko ka ga launin shuɗi na zafi, ajiye masa kayansa. Boris ma haka: kwalin Koyo da Timken na jabu sun cika kasuwa, kuma boris ɗin finiyan in ya saki, sabon haƙorinka ya tafi da shi. Ka kuma tuna na gaban ba lallai ya zama irin na baya ba a girma da yankan haƙori, musamman daga Hilux ta 2005 zuwa sama, don haka da shekarar mota ake saye.

Bakanike kuma ka tambaye shi tun kafin ya taɓa sifana: yana da agogon auna wasan haƙori? Yana shafa rawayan fenti ya ga inda suke cizo? In ya ce maka da kunne yake saiti, Malam, ɗauki motarka. Cizon ya kamata ya zauna a tsakiyar haƙori, kuma ya nuna maka da idonka kafin ya rufe.

Bayan an ɗaura, tafiyar farko kar ta wuce minti 20, ka tsaya aksil ya huce. Kilomita 800 na farko ba jan tirela, ba lodi mai nauyi, sannan a zubar da man a zuba sabo mai lambar GL-5. Maleji kuwa, a tsofaffin motocin da ke karanta gudu daga taransifa zai dawo kusa da daidai da kansa. Waɗanda ke karantawa daga na'urar birkin ABS ta jikin taya ba ruwansu da canjin haƙori: in ka tashi daga 31 zuwa 35, allura na nuna 100 kana kan 113.