Jirgi marar matuƙi ko agogon GPS: wanne ya fi amfani ga mai gudu a Legas?

Agogon GPS yana ƙirga bugun zuciya, nisa da yawan taku a minti. Amma ba ya ganinka. Nan ƙaramin jirgi marar matuƙi ya sha gabansa: idan ya bi ka ta gefe, tazarar kamar mita 6, bidiyon zai nuna ko diddigenka na sauka can gaban gwiwa, ko kafaɗunka sun ɗage don gajiya. A ɗauka da hoto 60 a daƙiƙa, a rage saurinsa, koci zai ga kuskuren ƙarara.

Sai dai jirgin akwai shagwaɓa. Irin su DJI Mini ba su kai giram 250 ba, iskar gadar Lekki-Ikoyi na kaɗa su, batirin kuma da ƙyar yake kai minti 30. Mai shirin gudun fanfalaki na Legas, kilomita 42, ina zai kai shi? Cikin cunkoson masu gudun asuba ma, kyamarar kan saki mai ita ta bi wani mai irin rigarsa. Ga neman izinin NCAA, hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta Najeriya. 'Yan'uwanmu na Agege kuwa su haƙura, filin jirgin Murtala Muhammed na maƙwabtaka da su.

Matsalar agogo gumi ce: idan madaurin ya yi sako-sako, sai lissafin bugun zuciya ya rikice. A ɗaure shi tamau, ɗan sama da ƙashin wuyan hannu. A zafin Legas, shi ke fara sanar da kai jiki ya jigata, don haka shi ne na kullum. Jirgin, minti goma a buɗaɗɗen fili sau ɗaya a wata ya wadatar.