Shekara biyu da Cayman S ta hannu: giyabos ne ya raba gardama

Motoci uku na sa a gaba lokacin da na yanke shawarar sayen motar tsere ta hannu: BMW M3 ta 2011, Audi R8 ta 2009, da Porsche Cayman S ta 2010. Da zuciyata aka bi, R8 zan ɗauka ba tare da na waiwaya ba. Makanikena ne ya taka min birki. "Yallaɓai," in ji shi, "fenti kake kallo, ni kuwa giya nake saurare. Bari mu tuƙa su tukuna."

R8 ta wancan zamanin, in ba mai giyar hannu ba ce, R tronic take da shi. Giyar hannu ce mai kuloci ɗaya, sai dai na'ura ce ke taka maka kulocin. A buɗaɗɗen titi ba ta da laifi, amma a tafiyar sannu kan ji 'yar girgiza duk lokacin da ta sauya giya, kuma kulocin yana cinyewa kamar na kowace mota mai giyar hannu. Sai a 2012 Audi ta maye shi da S tronic mai kuloci biyu. Ni da rabin tuƙina cikin cunkoso yake, nan take na haƙura.

M3 ɗin ta fi ba ni wahalar bari. Injin V8 mai lita 4, ƙarfin doki 420, kujeru huɗu, ga giya bakwai mai kuloci biyu da kamfanin Getrag ya ƙera. Abin da ya raba ni da ita mai sayarwar ne. Na tambaye shi takardun gyara, ya ce sun ɓata. Muka ɗaga motar, muka tarar an wanke cikinta fes, ko ƙura babu a jikin giyabos, alhali ƙafafunta duk laka. Makanike ya dube ni, na dube shi. Wanda ya wanke ƙasan mota ya bar samanta, akwai ɗigon da ba ya so a gani.

Cayman ɗin kuwa da jakar rasit ta zo. Lita 3.4, silinda shida, doki 320, inji a tsakiya bayan kujerun. Giyarta PDK ce, wadda Porsche ya haɗa kai da kamfanin ZF wajen ƙerawa, ta kuma maye gurbin Tiptronic, giyar otomatik ta gargajiya, a irin wannan motar daga samfurin 2009. Kuloci biyu ne a cikin mai: ɗaya yana riƙe da giya ta 1, 3, 5, 7 da ribas, ɗayan yana riƙe da 2, 4, 6. Kana cikin ta uku, ta huɗu ta riga ta shiga tana jira, shi ya sa sauyin yake kamar ƙiftawar ido. Na nace sai da aka bar min ita ta kwana, na tayar da ita da sanyin safiya, na sa ribas, na saki birki ban taɓa totur ba. Ta ja baya sumul, babu kakkarwa, babu ƙara. Wannan gwajin ya fi gudun kilomita 200 faɗa maka gaskiya, domin giyar da ta yi zafi tana iya rufa wa kanta asiri.

Abin da ban sani ba sai bayan na saya: mai iri biyu ne a cikin PDK ɗin nan, kowanne da mazauninsa. Akwai na kuloci da na'urar sarrafa shi, akwai na haƙoran giya. Littafin motar ya ce a sauya na kuloci bayan shekara shida, na haƙora bayan goma sha biyu, ko da motar ba ta yi tafiya mai yawa ba. Da na bi rasit ɗin nan ɗaya bayan ɗaya, sai na ga na haƙoran bai taɓa fita ba. Aka juye duka biyun. Na tsaya a kai na ga 'yar ƙurar ƙarfe mai laushi kamar kwalli, makanike ya murza ta a yatsa ya ce wannan ba komai, ɓarɓashi mai ƙyalli ne abin tsoro. Zuba sabon ma ba aikin gaggawa ba ne: sai an jona kwamfuta, an jira man ya kai wani mizanin zafi, sannan a duba ko ya cika. Garejin da ba shi da wannan kwamfutar, kada ka ba shi aikin, komai daɗin bakinsa.

Laifin da aka samu nawa ne. Na saba da motar otomatik ta gargajiya, inda mutum zai riƙe mota a kan gangara da totur ba abin da zai faru. A nan kuloci kake gogawa. Wata rana cikin dogon cunkoso a kan tudu na ji ta fara ɗan fizga wajen tashi. Tun daga ranar na koyi taka birki sosai in na tsaya, in bar tazara ta buɗe kafin in motsa, maimakon jan ciki taku-taku.

Tana da nata naƙasun. Kujeru biyu ne kacal, ƙasa take ƙwarai har kowane tudun rage gudu sai an karkace, kuma ganin injin kansa sai an cire murfi daga cikin mota. Maɓallan sauya giya na kan sitiyari ma ban taɓa sabawa da su ba, turawa gaba ƙari, jawowa ragi, har yau hannuna yana rikicewa a kwana. Yawanci sai in bar ta ta zaɓa da kanta, kuma ta fi ni iyawa.

Har yanzu in M3 ta wuce ni ina rage rediyo don in ji kukan injinta.