Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa a Kaduna: ga masu bin salsalar gidan sarauta

Idan rigimar gado ta kai ga tambayar wa ya haifi wa, wurin nan yana da amfani ƙwarai. Ka zo da sunan kakan, sarautarsa, gundumarsa da kimanin shekarar naɗinsa, sai ka nemi fayilolin lardin na zamanin mulkin Turawa: Kanoprof (lardin Kano), Sokprof (lardin Sakkwato) ko Zarprof (lardin Zariya). Bayanan gundumomi sukan kawo jerin hakimai da dalilin tuɓe wasu.

Sai an yi hattara da sunaye, don Turawa sukan rubuta mutum ɗaya Mamman a nan, Muhammadu a can. Wasu takardun sun yi rauni, gefensu na marmashewa a hannu.

Babban giɓinsu shi ne mata: da wuya ka ga matan aure, ƙwaraƙwarai ko 'ya'ya mata, alhali 'ya'yan ƙwarƙwara ma magada ne. Nan alƙali shaidu zai nema.