Shirin jami'a na masu raunin fahimta a Amurka: abin da na gani a karatun 'yata

Duk uwar da ke da yaro mai raunin fahimta a Amurka ta san fargabar shekara 21. Dokar IDEA, wato dokar tarayya ta ilimin yara masu naƙasa, ta ɗora wa makarantun gwamnati nauyin karatun irin yaranmu har zuwa wajen wannan shekara a yawancin jihohi. Daga nan motar makaranta ta daina tsayawa a ƙofar gida, malaman da suka saba da yaro su yi sallama, a bar iyaye da zulumin ina aka dosa. Autata, wadda aka haifa da larurar Down syndrome, ba ta jira mun tambaye ta ba. Jami'a take so, kamar yadda yayyenta suka yi. Yanzu tana shekararta ta biyu a wani shiri na masu irin larurarta a wata jami'ar jiha, kuma matan masallacinmu na yawan tare ni da tambayar ko abin ya ci kuɗinsa. Ya ci. Amma akwai gyara, kuma ba kowane shiri ne zan ce uwa ta kai ɗanta ba.

Ta shafin intanet na Think College muka fara. Cibiya ce da ke Jami'ar Massachusetts a birnin Boston, ta tattara jerin shirye-shirye sama da 300 a faɗin ƙasar, har da sanannu irin su ClemsonLIFE a Karolina ta Kudu, da Mason LIFE a Bajiniya, da InclusiveU na Jami'ar Syracuse. Mutum na iya nema ta jiha, ya ga shekara nawa ake yi, akwai ɗakin kwana ko babu, sannan ko gwamnatin tarayya ta amince da shirin. Wannan na ƙarshen shi ne abin fara dubawa. A shekarar 2008 aka yi dokar Higher Education Opportunity Act, wadda ta buɗe wa ɗalibai masu raunin fahimta ƙofar tallafin kuɗin karatu na gwamnatin tarayya mai suna Pell da aikin ɗalibai na cikin makaranta, ko da ba su da cikakkiyar takardar gama sakandare, muddin shirin yana cikin waɗanda Ma'aikatar Ilimi ta tantance, wato masu lambar CTP. Bashin karatu na gwamnati ba ya ciki. Sai an cike fom ɗin neman tallafin karatu na gwamnati, wato FAFSA, kuma sai yaro ɗan ƙasa ne ko yana da takardar zama ta dindindin ko makamanciyarta. Shirin da muka zaɓa yana da lambar CTP, shi ya sa muka sa shi gaba.

Wajen ɗauka ba su nemi jarrabawar shiga jami'a ta SAT ba. Rahoton likita suka karɓa da takardun IEP na sakandare, wato tsarin karatu na musamman da makaranta ke rubuta wa yaro mai naƙasa tare da iyayensa, sannan suka kira ta hira, suka ce ni da babanta mu jira a waje. Raina bai so ba, domin tun tana goye ni ce bakinta a kowane ofis. Da ta fito na ce me suka tambaye ki, ta ce ko tana iya amfani da waya, ko tana iya zama ita kaɗai na 'yan sa'o'i, da kuma ko ita ce ke son zuwa ko Ummanta ce ke so. Wannan tambaya ta ƙarshe ita ta sa na fara yarda da mutanen.

Abin da ya fi burge ni shi ne azuzuwan da take shiga tare da sauran ɗalibai, a aji ɗaya, gaban malami ɗaya. Sauraro take yi, ba makin digiri ake tara mata ba, kuma ana rage mata nauyin aikin gida daidai ƙarfinta. A ajin koyon magana gaban jama'a an ce kowa ya bayyana yadda ake yin wani abu. Ita masa ta zaɓa. Ta sa na ɗauki hoton kowane mataki a kicin, daga jiƙa shinkafa zuwa niƙa, zuwa barin ƙullu ya tashi, zuwa zubawa a tanda. Ta liƙa hotunan a katuna, ta rubuta kalma biyu-biyu a ƙasan kowanne da manyan baƙaƙe, ta yi ta maimaitawa gaban madubi har babanta ya haddace jawabin. Maganarta ba ta fita sarai, wasu haruffan suna maƙalewa, amma ta tsaya gaban aji ta kai ƙarshe, ta kuma amsa tambayar wani saurayi da ya ce ko da sukari ake ci. Ta ce masa da miyar taushe. Yarinyar da a da ko gaisuwar baƙi sai ta ɓuya bayana ke nan.

Sai 'yan rakiya, wato ɗaliban jami'ar da ake haɗa su da yaranmu. Wadda aka fara ba ta tana karatun jinya ne, Allah ya yi mata albarka. Na taɓa hango su a tashar bas ta cikin makaranta. Yarinyar nan ta ja baya ta tsaya, hannu a aljihu, ta bar 'yata tana duba lambar mota a wayarta. Mota ta zo ta wuce, ba tasu ba ce, ba ta ce uffan ba. Ta biyu ta zo, 'yata ta ɗaga kai ta duba, ta shiga, sannan ita ta bi bayanta. Mu a gida tausayi ba ya barinmu mu yi wannan haƙuri. Yau ita kaɗai take hawa bas ta je ta dawo, in na yi yunƙurin raka ta sai ta ce, “Umma, ki zauna, na san hanya.”

Koyon aiki ma suna ba shi muhimmanci. Ta fara da jera littattafai a laburare ba biya, yanzu tana aiki a ɗakin cin abinci ana biyanta da awa. Da albashinta na farko turare ta saya wa babanta.

To ga inda ban gamsu ba. Na farko kuɗi. Kuɗin shirin daban ne, a kan kuɗin makaranta ake ɗora shi, alhali mafi yawan abin da Pell ya bayar a shekarar karatu ta 2024 zuwa 2025 dala 7,395 ne. Ofishin jiha mai taimaka wa masu naƙasa samun aiki ya ɗauke mana wani kaso, kuma akwai ƙungiyar Ruby's Rainbow da ke ba masu Down syndrome tallafin karatu, amma ba shirin ne ya nuna mana waɗannan hanyoyi ba, daga bakin wasu iyaye muka ji. Iyalin da ba su da mai Turanci sosai za su sha wuya.

A zangon farko kuma kusan rabin makonta a ɗaki ɗaya ta yi shi, ita da 'yan shirinsu kawai, ana koya musu lissafin kuɗi da tsara lokaci. Darussan suna da amfani, amma ba don a sake ware ta gefe muka kai ta jami'a ba. Sai da iyaye suka yi magana aka ƙara musu azuzuwan haɗaka, kuma har yanzu akwai malaman da ba sa buɗe ajinsu. 'Yan rakiya su ma ana sauya su duk zango, in jarrabawa ta matso su yi ƙaranci, ga yaranmu ba sa sabo da sabuwar fuska da wuri.

Batun addini ma'aikatan suna da ladabi, sai dai ba su san komai a kai ba. Da azumi ya zo ba wanda ya yi tunanin sauya mata lokacin aikin ɗakin abinci sai da na je da kaina. 'Yan matan ƙungiyar ɗalibai Musulmi ne suka rufa mana asiri, su suka nuna mata ɗakin salla, su suke janta buɗa-baki. Mun zaɓi ta riƙa kwana a gida, kuma ban yi nadama ba, amma an tsara harkokin yamma ne don masu kwana a makaranta, don haka abubuwa da yawa suna wuce ta.

Iyaye su kuma sani, a jami'a babu taron IEP. Dokar FERPA ta mayar da bayanan karatu hannun ɗalibi, sai ta sa hannu kafin a faɗa mini komai. Na fahimci dalilin, har na yarda da shi, amma ya kamata a zaunar da iyaye a yi musu bayani tun ranar farko.

A ƙarshe satifiket za a ba ta, ba digiri ba, kuma ba duk masu ɗaukar aiki ne suka san shi ba. Don haka wadda ke shirin kai ɗanta ta je da ƙafarta, gani ya kori ji. Ta nemi a nuna mata jadawalin mako na ɗalibi guda, ta ƙirga sa'o'in da yake yi cikin sauran ɗalibai. Ta tambaya cikin waɗanda suka gama bara nawa ne ke da aikin da ake biyansu, sannan ta roƙi a haɗa ta da uwar ɗaya daga cikinsu su yi magana ta waya.